Fuskar da Aka Kawo Mini Gyara

Ni turmi nake sassaƙa a Yawuri, da akushi,
wani bi in toshe ƙirjin jirgi in ya fara shan ruwa.
Fuska kuwa ban taɓa ba. Ubanmu ya hana.

Sai ga Tamaru, Bajapanen nan mai auna shinkafar fadama,
ya kwance ƙunshi a gindin maɗacina:
fuskar itace, fara, mara nauyi kamar ɓawon gyaɗa,
zafin bazara ya tsaga ta daga goshi zuwa haɓa.
Ya ce ta kakansa ce. Ya ce ko tana gyaruwa?

Na ɗaga ta sama, ta yi mini murmushi.
Na sunkuyar da ita, ta ɓata rai.
Na ce a'uzu billahi.
Ya yi dariya, ya ce ba aljani, ba tsafi,
haske ne kawai da juyawa.

Ina dama ƙaro da garin itace, yana ba ni labari
da Hausarsa mai ɗingishi.
A can, in ji shi, sarewa ke fara kuka,
ganga ta amsa jefi-jefi, kamar ɗigon indararo.
Wani mai zuhudu na tafarkin Budda, matafiyi,
dare ya riske shi a mashigi.
Tsohon mai fito ya haye da shi, bai karɓi ko kwabo ba,
ya ce: a nan aka kashe wani, shekara ɗari uku,
kuma ni ne. Sai ya ɓace cikin kainuwa.

Tsakar dare ya dawo da wata fuskar,
ya taka rawar mutuwarsa, taki ɗaya, shiru, taki ɗaya,
yana sake faɗan da kowa ya manta.
Ba wanda ya ɗaure shi. Fushinsa ne igiyar.
Baƙon bai zare takobi ba, bai yi tofi don kora ba.
Ya zauna, ya saurara har ƙarshe, ya yi masa addu'a.
Kafin zakara, kullin ya fara warwarewa.

Na ce, ni Musulmi ne, matattunmu ba sa yawo.
Ya ce, to. Ya nuna bado a bakin gulbi:
daga taɓo yake fitowa, ka taɓa ganin taɓo a furensa?
Na yi shiru. Ƙaron ya fara bushewa.

Da daddare na kasa barci.
Shekara goma sha ɗaya ban ce wa Tunau sannu ba,
a kan jirgin ubanmu, katako bakwai da ƙusa.
Na ɗauke filafilin, shi ya riƙe jirgin,
ni ban haye ba, shi bai tuƙa da na gado ba.
Bara waccan aka kai shi. Na tsaya sahun baya.
Har yau in na ɗaga gizago
ina maimaita abin da ya faɗa, da abin da na rama,
taki ɗaya, shiru, taki ɗaya.
Shi ya kwanta, Allah ya ji ƙansa.
Ashe mai yawon ni ne, da sauran numfashina,
ni ne ke tare baƙi a mashigi da tsohuwar tatsuniya.

Da safe Tamaru ya karɓi kayansa.
Tabon bai ɓoyu ba, ya ce a bar shi haka.
Bayan la'asar na zaro filafilin daga rufin ɗaki,
gara ta ɗan taɓa bakinsa.
Na saɓa shi, na bi ta kasuwar kifi.
Ɗan Tunau na zaune yana ɗinkin koma.
Ya ɗago kai, fuskar ubansa sak,
ban san ko murmushi ba ne, ko rana ce ke faɗuwa.
Na yi sallama.